Darasin Masu Tseren Babur Ga Mahayan Nguru Da Gashuwa: Yadda Ake Shirya Mashin Da Kuɗi Kaɗan

A watan Maris na shekarar 2022 ne Gwamnan Jihar Yobe, Mai Mala Buni, ya bayar da sanarwar ɗage dokar hana hawan babur a ƙananan hukumomi 10 na jihar, ciki har da Nguru da Bade da Karasuwa da Machina da Yusufari da Jakusko. An kafa dokar ne tun a shekarar 2012 saboda matsalar tsaro, kuma sai a shekarar 2023 aka sassauta ta a sauran ƙananan hukumomi bakwai. Ke nan shekara goma cur manoma da masunta da 'yan tireda na arewacin jihar suka yi ba tare da abin hawan da ya fi dacewa da ƙasarsu ba.

Babur ya dawo, amma ya tarar da kasuwa ta sake. A ranar 29 ga Mayu, 2023, Gwamnatin Tarayya ta janye tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen shekarar 2024 kuma ta wuce Naira 1,000 a wurare da dama. A watan Yuni na 2023 aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa, dalar da hukuma ke sayarwa kimanin Naira 460 ta zarce Naira 1,500 a farkon 2024. Da yake babura da kayan gyaransu daga Indiya da Sin ake shigo da mafi yawansu, farashinsu ya bi dala. Babur ya tashi daga abin da ƙaramin ɗan kasuwa ke saye da ribar kaka guda, ya zama jari mai nauyi wanda lalacewarsa kan girgiza gida.

Wannan ne ya sa tambayar da ke gaban mai babur a Nguru ko Gashuwa ta zama tambayar kasuwanci tsantsa: idan kuɗin gyara kaɗan ne, wane sashe na mashin ya kamata su fara shiga? Akwai mutanen da suka daɗe da amsa wannan tambaya, wato masu tseren babur da ke shiga gasa da kuɗin aljihunsu.

Ƙasar da babur ke aiki a cikinta

Nguru gari ne da ciniki ya gina. Tun da layin dogo daga Kano ya iso a shekarar 1930, garin ya zama matattarar gyaɗa da fatu da ƙaro da dabbobi daga ƙasar Borno da kudancin Nijar. Gashuwa kuwa, hedkwatar masarautar Bade, tana bakin Kogin Yobe, kuma ta shahara da kifi da shinkafa da noman rani. Tazarar da ke tsakanin garuruwan biyu ta ɗan haura kilomita 60, ta hanyar Jajimaji.

Sai dai kayan da ke cika waɗannan kasuwanni ba a bakin kwalta ake samar da su ba. Daga arewa, wajen Machina da Yusufari, ƙasa ce ta jigawa da tuddan rairayi, inda hanya ba ta wuce sawun da wani ya bari ba. Daga kudu kuwa fadamar Haɗeja da Nguru ce, wadda aka sanya tafkin Nguru da mashigin Marma na cikinta a jerin dausayoyin duniya masu muhimmanci a shekarar 2000. A nan ruwa kan malale da damina, ya bar laka mai danƙo. A kan wannan akwai ƙurar hunturu, ga kuma zafin bazara da kan haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu.

Babur ɗin da aka ƙera domin titin birni yana fuskantar abokan gaba huɗu a wannan yanki: yashi, laka, ƙura da zafi. Haka nan ana ɗora masa buhun ridi ko kwalin busasshen kifi ko jarkoki, nauyin da ya zarce abin da kamfani ya ƙayyade. A ma'aunin injiniya, aikin da babur ɗin ɗan kasuwar ƙauye ke yi a mako guda bai gaza wahalar gasa ba.

Abin da masu tsere suka gano

Hamadar da ke arewa da Yobe ta san tsere. A ranar 26 ga Disamba, 1978, aka tashi gasar farko daga Paris zuwa Dakar, wadda Bafaranshe Thierry Sabine ya shirya. Ta ratsa Aljeriya da Nijar da Mali kafin ta kai Senegal, tafiyar kimanin kilomita 10,000. Ababen hawa 182 suka tashi, 74 kaɗai suka isa. Wanda ya zo na ɗaya, Cyril Neveu, ya hau Yamaha XT500 ne, babur mai silinda guda wanda iska ke sanyaya injinsa, maras tarkacen na'urori. Gasar ta ci gaba da bi ta Agadas da hamadar Tenere a shekaru da dama. An soke ta 2008 saboda barazanar tsaro a Muritaniya. Daga 2009 aka mayar da ita Kudancin Amurka, daga 2020 kuma Saudiyya.

A cikin wannan gasa akwai rukunin da mahayi ba shi da bakanike. Akwati guda ake ɗaukar masa, shi zai yi gudu da rana, ya gyara babur ɗinsa da dare. Waɗannan mahaya da takwarorinsu masu shiga filin tsere na kwalta a Turai da Amurka da ƙaramin jari sun haɗu a kan ƙa'ida guda. Ba a fara kashe kuɗi a kan ƙarin ƙarfin inji. Ana farawa da taya, sai birki, sai sarƙa da shakazoba, sai kariyar jikin mahayi. Kafin a bar babur ya shiga filin tsere, jami'ai kan duba tayoyi da birki da totur, su tabbatar babu yoyon mai. Wasu filayen kan nemi a cire madubi, a rufe fitila da salatif, a ɗaure kusar juye da waya don kada ta kwance. Babu wanda ke tambayar ko an ƙara wa inji gudu.

Dalilin a bayyane yake. Injin da aka ƙara wa ƙarfi ba ya amfanar wanda tayarsa ba ta riƙe ƙasa, kuma gudun da birki ba zai iya tsayarwa ba hanyar asibiti ce. A kasuwannin arewa kuwa sau da yawa akasin haka ake gani. Sabon mai babur kan fara da ledar ado da ƙaho mai ƙara da fitilu masu launi, wani ma ya fasa salansa don a ji zuwansa, alhali tayar baya ta suɗe. Hausawa sun ce araha ba ta ado, amma a nan adon ne ke cinye kuɗin abin da ke riƙe da rai.

Matakin farko: iska da baƙin mai

A ƙasar ƙura, abin da ya fi kashe inji shi ne abin da ya fi araha a kiyaye. Inji na shaƙar iska mai yawa a kowane minti, kuma matatar iska ce kaɗai ke tsakaninsa da yashi. Idan ta yage, ko aka cire ta da sunan ƙara wa mashin numfashi, ƙurar kan shiga silinda ta riƙa goge fistin da ringi kamar sanfefa. Alamarta ita ce hayaƙi da shan baƙin mai da raguwar ƙarfi, ƙarshenta kuma garambawul. Idan kuwa matatar ta toshe, inji kan sha fetur fiye da kima.

Matatar soso ana wanke ta, a shanya ta bushe, a shafa mata mai kaɗan a matse, domin man ne ke kama ƙura. Ta takarda ba a wanke ta, sauyawa ake yi. A gasar hamada kullum ake duba matata. Ga mai bin hanyar Machina ko Yusufari da hunturu, duba ta kowane mako bai yi yawa ba.

Baƙin mai shi ne na biyu. Baburan da suka cika kasuwa, irin su Bajaj Boxer da TVS da Jincheng da Haojue, iska ce ke sanyaya injinsu. A cikin yashi inji na aiki da ƙarfi a ƙaramar giya, ga iskar da ke bugunsa kaɗan ce saboda babu gudu, don haka mai kan ƙone da wuri. Wajibi ne a yi juye kafin wa'adin da aka rubuta domin titin birni. Har ila yau, a irin waɗannan babura mai guda ne ke wanke inji da giya da kuloci. Man mota na zamani na ɗauke da sinadarin rage gogayya da kan sa kulocin babur ya riƙa zamewa. Saboda haka ne masana'antun Japan suka fitar da ma'auni na musamman a shekarar 1998, kuma alamar JASO MA a jikin galan ita ce shaidar cewa man ya dace da babur. Man da ake aunawa a kwalba a bakin hanya, wanda ba a san asalinsa ba, ragin da ake samu a kansa bai kai kuɗin ringi guda ba.

Mataki na biyu: taya da birki

Wurin da tayar babur ke taɓa ƙasa bai kai tafin hannu ba, kuma a kansa ne nauyin mahayi da kaya da jari duka suka dogara. Taya mai manyan ƙuraje ta fi riƙe yashi da laka, amma ta fi saurin cinyewa a kwalta. Mai zirga-zirga tsakanin Nguru da Gashuwa kaɗai zai fi cin riba da tayar titi. Mai shiga ƙauyukan fadama kuwa, idan kuɗinsa na taya guda ne, to ya sa mai ƙuraje a baya, inda ƙarfin inji ke sauka.

Taya na tsufa ko da ba a hau ta ba, musamman a zafi. A gefen mafi yawan tayoyi akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka ƙera ta. Lamba 2423, alal misali, na nufin mako na 24 na shekarar 2023. Tayar da ta daɗe a ajiye cikin rana kan bushe ta tsattsage, ko da zanenta bai goge ba. Ɗan kasuwar da ke sarin taya daga Kano ya kamata ya karanta wannan lamba kafin ya biya.

Masu tseren hamada kan rage iskar taya idan za su shiga rairayi, domin tayar ta baje ta hau kan yashi maimakon ta nutse. Dabarar na aiki, amma tana da sharaɗi. Idan aka hau kwalta ko busasshiyar laka da taya maras isasshiyar iska, ga kaya a baya, tub kan matse tsakanin gargare da ƙasa ya fashe, ko bakinsa ya tsinke. Don haka wanda zai rage iska sai ya riƙe famfon hannu. Famfo da kayan faci da tub na ajiya su ne inshorar da ta fi kowace araha a dajin da ƙaya ta yi yawa.

Birkin mafi yawan waɗannan babura na ganga ne. Yashi da ruwan fadama kan shiga gangar su cinye takalmin birki. Buɗe ta a share bayan damina, da sauya takalmin kafin ƙarfe ya fara cin ƙarfe, da sa wa wayar birki mai, aiki ne na awa guda. Wanda ya jinkirta shi kan sayi ganga sabuwa. Haka nan wayoyin gargare kan saki saboda gargada. A bi su da ɗan ƙarfe ana ƙwanƙwasawa, wadda ta yi ƙarar da ta bambanta da sauran a ɗaure ta.

Mataki na uku: sarƙa da shakazoba

Sarƙa ce ke kai ƙarfin inji ga tayar baya. Idan aka jiƙa ta da tsohon baƙin mai, yashi kan manne ya zama tamkar dutsen niƙa. Abin da ya fi shi ne a wanke ta da kananzir, a sa mai kaɗan, a goge ragowar, a kuma bar mata murfinta. Sarƙa na bukatar sassauci na kimanin santimita 2 zuwa 3 a tsakiyarta. Wadda aka ɗaure tamau kan lalata boris, ta kuma tsinke idan babur ya faɗa rami da kaya. Idan lokacin sauyi ya yi, a sauya sarƙa da faifayen haƙora biyu tare, domin tsohon haƙori kan cinye sabuwar sarƙa cikin ɗan lokaci.

A nan ne akwai gyara guda mai arha da ke sauya halin babur, wanda masu tsere ke yi gwargwadon filin da za su shiga. A misali, idan faifan gaba na da haƙora 14, na baya 42, to sai na gaba ya juya sau uku kafin taya ta juya sau ɗaya. Idan aka sa na baya mai haƙora 45, ƙarfin ja zai ƙaru da kimanin kashi 7 cikin 100, gudun ƙarshe kuma ya ragu da kusan haka. Ga mai ɗaukar buhu a cikin yashi wannan riba ce, domin kuloci zai huta. Ga mai doguwar tafiya a kwalta hasara ce, domin inji zai riƙa kuka yana ƙarin shan mai. Kowa ya auna hanyarsa.

Shakazoban baya na da matakan ɗauri a yawancin babura, kuma ƙara ɗaurin domin kaya ba ya cin ko kwabo. Wanda ya fara yoyon mai ya gama aiki. Barinsa kan sa taya ta riƙa tsalle, ƙarshe jikin babur ya tsage a wurin walda.

Kan mahayi shi ne babban jari

Babu filin tsere a duniya da ke barin mutum ya shiga ba hular kwano. A Nijeriya, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta sanya hular daga 1 ga Janairu, 2009, amma bin dokar ya yi rauni. Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana bayarwa sun nuna cewa hula mai inganci na rage haɗarin mutuwa da kimanin kashi 40 cikin 100, mummunan raunin kai kuma da kimanin kashi 70. Uzurin da ake kawowa shi ne zafi, sai dai a yankin da asibiti mai iya aikin ƙwaƙwalwa ke da nisan ɗaruruwan kilomita, gumi ya fi sauƙi. Takalmi rufaffe maimakon silifa, da tabarau saboda ƙura, su ne suka biyo baya. Attajirin da ya ba yaro babur ya hana shi hula ya bar jarinsa biyu a fili, mashin da mai tuƙa shi.

Lissafin riba da hasara

A ɗauka babur na shan lita 3 a rana, kuma toshewar matata da tsohon filogi da ƙarancin iskar taya sun ƙara masa kashi 10 cikin 100. A kwanakin aiki 300, asarar ta kai lita 90. Idan lita na kan Naira 1,000, an ƙone Naira 90,000 a banza, ba a ma lissafa ranakun da mashin ya kwana a gareji ba, ko kifin da ya lalace a hanya, ko ranar kasuwar da ta wuce. Kuɗin matata da filogi da ma'aunin iska bai kusanci wannan adadi ba.

Wannan lissafi ya fi shafar masu ba da babur a kan biya sannu-sannu ko a kan balas na kullum. Idan yarjejeniya ta bar gyara gaba ɗaya a wuyan mahayi, shi kuma yana fafutukar cika balas, juye da taya su ne farkon abin da zai jinkirta, kuma mai jari ne zai karɓi gawar mashin a ƙarshe. Tsarin da ya fi tsare dukiya shi ne a ware wani ƙaramin kaso na kuɗin kowace rana a matsayin asusun gyara, a riƙe littafin da ake rubuta ranar juye da ranar sauya taya da sarƙa, kamar yadda masu tsere ke rubuta awannin da injinsu ya yi aiki. Littafin kuma kan ɗaga darajar babur ranar sayarwa.

Dama ga 'yan kasuwa

Shekarun haramci sun bar giɓi. Kanikawan babur da dama sun koma gyaran Keke Napep da injin ban ruwa da janareto, kuma an yi shekaru ba a yaye sabbin yara a sana'ar yadda aka saba ba. Mai shagon da zai haɗa sayar da kaya na ƙwarai da ƙwararren bakanike a wuri guda yana da kasuwa a Nguru da Gashuwa da Jajimaji, har da masu shigowa daga ƙauyukan kan iyaka. Kayan gyara na fitowa ne ta Legas da Nnewi, cibiyar cinikin kayan babur a Jihar Anambra, su biyo ta Kano, kuma a kan wannan doguwar hanya jabu kan cakuɗu da na gaske. Dillalin da ya yi suna da cewa ba ya sayar da jabun mai ko jabun takalmin birki ya mallaki abin da abokin gasarsa ba zai iya karya farashinsa ba.

Akwai kuma hakkin da ke kan masu babur su kansu. An ɗage dokar ne bisa sharuɗɗa, kuma abin da tsaro ya taɓa hanawa yana iya sake hanawa. Rajista da lamba da lasisi, da bin umarnin hukuma kan lokaci da wuraren hawa, wani ɓangare ne na shirya babur, daidai da taya da birki. Haka nan guje-guje da wasan ganganci a titunan gari lokacin biki ba tsere ba ne. Tsere na gaskiya a killataccen fili ake yinsa, da jami'ai da motar asibiti a gefe.

Jerin dai gajere ne: matata da mai, taya da birki, sarƙa da shakazoba, hular kwano, takardu, sannan ado idan an samu rara. Gyara kayanka, in ji masu iya magana, ba ya zama sauke mu raba. A arewacin Yobe, inda babur guda kan ɗauki amfanin gonar iyali zuwa kasuwa, ya kuma kai maras lafiya asibiti, bin wannan jeri ne zai bambanta mashin ɗin da zai biya kuɗinsa ya haifi wani da wanda za a sayar wa 'yan gwangwan kafin damina ta zagayo.